Kangon fili dukiyar gari ne

Kowane gari yana da bayansa. A Ɗan Gulbi, cikin gundumar Dakoro ta jahar Maraɗi, da ƙauyukan da ke jere a bakin Gulbin Kaba, wanda ya zagaya bayan gari da rani abu iri ɗaya zai gani. Ga kududdufi inda aka ɗebi ƙasar gini. Ga juji, leda ta lulluɓe shi, awaki suna tono. Can gaba ga ramin da masu aikin hanya suka kwashi marmara suka yi tafiyarsu. Wani wuri kuma kangon mangaza ne, ko fako wanda ko ƙaya ba ta tsirowa a kansa.

Ba mai noma waɗannan wurare, ba mai kiwo cikinsu. In an tambayi mai su, sai a ce na gari ne. A baki na kowa ne, a aiki kuwa ba na kowa ba ne.

Da can wannan bai dami mutane ba, don daji yana da faɗi. Yanzu ba haka ba ne. Ƙidayar shekarar 2012 ta samu mutum fiye da dubu 50 a kwamin ta Ɗan Gulbi, kuma tun daga nan ƙaruwa ake yi. Gona ta zo bakin gari, ta zo bakin burtali. Saura ta yi wuya. Yara suna neman wurin wasa, masu yaƙi da jahilci suna neman inuwar karatu, makiyayi yana neman inda zai tsai da bisashensa ran kasuwa. Filin da ya rage wa gari shi ne wanda gari ya yar da kansa.

A duniya akwai masu sana'ar gyara irin wannan fili. Kamar yadda magini yake tsara ɗaki, haka su kuma suke tsara ƙasa, da hanyar ruwa, da itatuwa, da wurin zaman jama'a. Ɗaya daga cikin ayyukan da aka yaba a wannan fanni a ƙasar Hausa aka yi shi, a nan Nijar.

Abin da aka yi a Dandaji

Dandaji gari ne a ƙasar Adar, cikin gundumar Illela ta jahar Tawa. Yana da wani tsohon masallacin Juma'a na ƙasa, aikin shahararren magini Falke Barmu. Shi ne kuma ya gina masallacin Yama, wanda ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Da tafiya ta yi tafiya masallacin Dandaji ya tsufa, ya fara lalacewa, ya kuma yi wa jama'a kaɗan. Aka yi shawarar gina sabo. To, ina za a kai tsohon? Hanya mafi sauƙi ita ce a rushe shi.

Mata biyu masu zanen gini suka karɓi aikin: Mariam Kamara, ƴar Nijar, wadda ta buɗe ofishinta mai suna Masomi a Yamai a 2014, da Yasaman Esmaili, ƴar ƙasar Iran. Suka ce kada a rushe. Aka kirawo maginan da suka yi aikin farko, suka gyara ginin da hannunsu. Aka shigar da kantocin littattafai da wuraren zama, tsohon masallaci ya zama ɗakin karatu. A gefensa aka gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum dubu. An gama a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma.

Ba a je nesa neman kayan gini ba. Jar ƙasar wurin aka haɗa da siminti kaɗan, aka matse ta cikin inji ta zama tubali mai ƙarfi, ba tare da an ƙona itace ko guda ba. Filin da ke tsakanin gini biyun ma ba a bar shi fallau ba. An dasa itatuwa, an yi tankin ruwa a ƙarƙashin ƙasa mai tara ruwan damina, don a riƙa ba shuka ɗigo ɗigo da rani. Mai fitowa daga salla sai ya bi ta gaban ɗakin karatu. Mata da yara, waɗanda a da ba su da abin da zai kai su wannan fili, suka sami dalilin zuwa.

A shekarar nan kuma Mariam Kamara ta gyara kasuwar garin. Akwai wani tsohon itace da kasuwa ta saba ci a gindinsa. Ba a sare shi ba, shi aka mai da cibiya. Aka kewaye shi da wuraren zama, aka gina rumfuna 52 na tubalin ƙasa, aka kafa wasu faya-fayan ƙarfe masu launi iri-iri a sama don su yi inuwa kamar ganye.

Gaskiya ne aikin Dandaji ya ci kuɗin da ƙauye ba zai iya tarawa shi kaɗai ba. Amma abin dubawa a ciki bai shafi kuɗi ba. Kafin a aza tubali ko ɗaya, an tsaya an duba abin da wurin yake da shi: tsohon gini, tsohon itace, jar ƙasa, ruwan sama, da maginan gari. Da su aka yi aikin.

Juji da ramin dutse

Wani zai ce ai kangon masallaci daban, juji daban. To, ga labarin juji.

A birnin Alƙahira na ƙasar Masar, kusa da masallacin Azhar, akwai wani tudu inda mutanen birni suka yi shekara wajen 500 suna zubar da shara da ɓaraguzai. A 1984 Aga Khan ya yi alkawarin mai da shi lambun jama'a. An kwashe shara da ƙasa cikin mota kusan sau dubu 80. Ana cikin tono sai ga tsohuwar ganuwar birni ta zamanin Salahuddini, wadda juji ya binne, aka fito da ita aka gyara. Ƙasar wurin tana da gishiri, don haka sai da aka yi ta gwada itatuwa a gandun reno kafin a san waɗanda za su jure. An buɗe lambun a 2005, faɗinsa hekta 30. Sai dai da kuɗi ake shigarsa. Wannan yana taimakon kula da shi, amma mai ƴaƴa bakwai sai ya yi lissafi tukuna.

Labarin da ya fi kusa da manomi shi ne na Mombasa, a ƙasar Kenya. Can akwai masana'antar siminti ta Bamburi, irin ta Malbaza. Shekara da shekaru tana haƙar dutse, ta bar wani ƙaton rami fari fat, babu ƙasa babu ciyawa, sai zafi. A 1971 wani malamin gona ɗan ƙasar Suwis, Rene Haller, ya fara gwaji cikin ramin. Ya dasa itace iri 26. Uku kaɗai suka rayu. Wanda ya fi jurewa shi ne wani itace mai ganye siriri kamar allura, wanda ake kira filawo. Ganyen yana zuba a kan dutse amma ba ya ruɓewa da wuri. Sai Haller ya lura ƙadandoniya tana cinsa. Ya sa aka tattaro ƙadandoniya aka zuba cikin ramin. Suna ci suna kashi, kashin nan ya taru ya zama baƙar ƙasa. A kanta sauran itatuwa suka kama. Ya haƙa tafkuna ya zuba karfasa. Ramin ya zama kurmi, ana kiransa Lambun Haller, ƴan lakwal suna zuwa kallon namun daji a ciki.

Iri 23 sun mutu kafin a san ukun da za su rayu. Wanda ya dasa bedi 50 a fako suka bushe, ya tuna da wannan.

A ƙasar Jamus ma, a garin Duisburg, an rufe wata masana'antar narka ƙarfe a 1985. Wani mai tsara fili, Peter Latz, ya ce a bar manyan tanderun a tsaye. Aka shuka itatuwa a tsakaninsu, wurin ya zama dandalin jama'a.

Aikin ba baƙo ba ne a nan

Manomin Maraɗi da na Tawa ba ya bukatar a koya masa tada matacciyar ƙasa. Ya riga ya yi, duniya ma ta zo ta gani.

A ƙarshen shekarun 1980 waɗansu manoman Illela suka je ƙasar Yatenga, a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako. Suka dawo suka gyara tasu tsohuwar dabara, wato tassa. Rami ne ɗan ƙarami, a tara ƙasarsa ta gefen gangare, a zuba taki dunƙule ɗaya ko biyu. Gara takan zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Ga kuma rabin wata, wanda faɗin bakinsa mita 4 ne, ana yin guda 313 a hekta ɗaya, bakin yana fuskantar inda ruwa yake gangarowa. Da waɗannan aka ci hatsi a inda da ko akuya ba ta tsayawa.

A ƙasar Maraɗi kuwa sassaben zamani ne. A 1983 Tony Rinaudo, wani ɗan ƙasar Ostareliya da ke aiki a nan, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sarewa a gona kowace shekara ba ciyawa ba ne. Toho ne na kututturen da saiwarsa take da rai a ƙarƙashin ƙasa. In an zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka datse saura, itace zai tashi da sauri fiye da dashe. Manoma suka ɗauka, maƙwabci ya koya wa maƙwabci. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 a kudancin Nijar: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya.

Duk wannan a gonar mutum aka fi yin sa, inda mai wahala ya san shi zai ci. Filin bayan gari shi ne aka bari. Dalili kuwa sananne ne.

In fili ya yi kyau, masu shi sukan yi yawa

A Illela, da tassa ta nuna amfaninta, sai fako ya yi kuɗi. Ƙasar da a da ko kyauta ba a karɓa aka fara saye da sayarwa, kuma masu hali su suka fi saye. Waɗansu suka tuna cewa ai kakansu ya taɓa noma wurin.

A Yamai an fara dasa wani dogon gandun itatuwa kewaye da birni a 1965, yawancinsa bedi, wato dogon yaro. An tsara ya kai hekta 2,500, don ya tare iska da ƙura. Itatuwa sun tashi. Amma ba a warware maganar masu gonakin asali ba. Da birni ya matso, aka yi ta yanka wurin ana sayarwa, gidaje suka shiga, wani gefen ya koma juji. Ba fari ne ya ci wannan gandu ba.

Har a Amurka haka ne. A birnin New York an mai da wata tsohuwar hanyar jirgin ƙasa lambu, aka buɗe a 2009. Da unguwar ta yi kyau, kuɗin haya ya hau, talakawa da yawa da ƙananan ƴan kasuwa suka kasa zama.

Don haka garin da yake so ya gyara kududdufinsa ko fakonsa, da takarda ya kamata ya fara, kafin a ɗauki diga. Dokar ƙasar karkara ta ran 2 ga Maris 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo. Akwai na gunduma, akwai na kwamin, akwai na gari wanda maigari yake shugabanta. A ciki akwai kujerar manoma, da ta makiyaya, da ta mata, da ta samari. Aikinsu ne su taka iyakar fili a gaban shaidu, su rubuta na wane ne da abin da za a yi da shi. In akwai mai cewa gadonsa ne, gara ya faɗa tun wurin yana fako. A yi sulhu, a rubuta, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Wanda ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, ga ranar amfaninsa: ya karanta takardar da ƙarfi a gaban jama'a kafin a dangwala.

Maganar makiyayi tana bukatar a tsaya a kanta. Sau da yawa ramin marmara da ke bakin hanya, wanda manomi yake gani ba shi da amfani, shi ne mashayar shanu daga ƙarshen damina har ya ƙafe. Fakon da ba a nomawa shi ne inda garke yake kwana in ya sauko daga arewa bayan girbi. In aka tashi rana ɗaya aka kewaye wurin da ƙaya, aka ce an yi lambun gari, to an gyara wa wasu an ɓata wa wasu. Dokar kiwo ta ran 20 ga Mayu 2010 ta ce burtali da makiyaya da mashaya dukiyar jama'a ce, ba mai ikon mallake su shi kaɗai. Ƙasar Dakoro ta san darajar wannan, don an sha wahala kafin a kafa turakun siminti a burtalanta. Filin da za a kira na kowa, sai a bar masa ƙofar da saniya za ta shiga ta sha, ko da an killace gefen dashe na shekara biyu ko uku.

Kududdufi

Cikin dukan wuraren nan kududdufi ya fi kusa da gida, ya fi kuma haɗari. Bakinsa a tsaye yake kamar bango, don masu ɗibar ƙasa ƙasa suke bi. Da damina ya cika, yaro ya zame, ba wurin kamawa. Sauro yana ƙwai a ciki, cikin kwana goma ƙwan ya zama sauro mai cizo, zazzaɓi ya shiga gari. Inda ake wanka ana fitsari a ruwa, tsargiya takan kama yara.

Cike shi ba dabara ba ce. Kududdufi shi yake shanye ruwan da zai shiga gidaje. Birnin Kano ya cike kududdufansa da yawa aka yi gini a kai, ambaliya kuwa ta ƙaru a unguwanni. Abin da ake yi shi ne a kwantar da bakinsa ya zama gangare mai sauƙi, yadda yaro ko ɗan maraƙi zai iya fita da ƙafarsa. A ware gefe ɗaya na ɗibar ƙasa, don gari ba zai daina gini ba. A hanyar da ruwa yake shigowa a jera duwatsu, a dasa gamba, su tare yashi da shara. A hana zubar da juji ciki. In ruwan yana kai wata huɗu ko biyar, ana iya zuba tarwaɗa, ta ci tsutsar sauro, a kuma ci ta. Ƙasar da aka yanko daga baki a baza ta gefe ta zama dandali, a kewaye da itatuwan inuwa.

Wane itace? Wanda ya riga ya nuna yana son wurin. In akwai tohon aduwa ko bagaruwa ko ƴar goruba a bakin ramin, ita ce ta fari, a kewaye ta da ƙaya. Kaba ma dukiya ce, masu saƙar tabarma da igiya sun sani. Bedi yana da inuwa kuma awaki ba su cika damunsa ba in ya girma. Kuka tana da jinkiri, amma miyarta ta jikoki ce.

Kangon mangaza kuma, irin waɗanda suka rage a garuruwan jahar Maraɗi tun zamanin cinikin gyaɗa na kamfanin Sonara, wanda aka kafa a 1962, ko na tsofaffin ƙungiyoyin manoma, in bangonsa da rufinsa suna da sauran ƙarfi ya isa ajin karatu ko bankin hatsi. Rufin kwano kuwa rijiya ce a sama. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan mita ɗaya murabba'i lita ɗaya ce. Rufi mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, a shekarar da aka sami milimita 400, zai zubo lita dubu 40, wato duro 200. Ko kashi ɗaya cikin huɗu aka tara, ya raya dashe da yawa.

Ba kowane kango ake shiga ba

Akwai ƙasar da aka bari da guba a cikinta. A Akuta, kusa da Arlit, kamfanin Cominak ya rufe ramin yuraniyom ran 31 ga Maris 2021, bayan shekara fiye da 40 yana haƙa. Ya bar tulin dusar ma'adini wajen tan miliyan 20, mai fitar da guba wadda ido ba ya gani. Irin wannan wuri rufe shi ake yi a hana shiga. Ƴan ci-rani masu zuwa arewa kada su kwaso ƙarfe ko ƙasa daga irin waɗannan wurare.

A ƙauye ma akwai ƙaramin irinsa. Tsohon mangazan da aka taɓa ajiye maganin fara ko na ƙwari, ƙasarsa tana riƙe dafi shekaru da yawa. Kada a mai da shi aji ko rumbu sai malaman gona sun duba. Jujin yanzu kuma ba irin na da ba ne, wanda toka ce da kashin dabbobi. Yanzu akwai batir, da leda, da kwalba, da allurar likita. Kafin a kai shi gona ko a dasa zogale a kansa, sai an tankaɗe an fid da waɗannan, an binne su nesa da rijiya. Leda kuwa makiyayi ya fi kowa sanin aikinta, don shi yake ganinta dunƙule cikin tumbin tunkiyar da ta rame ta mutu.

Tun 1975 ake dashen itatuwa a Nijar ran 3 ga Agusta, kuma taron Maraɗi na watan Mayu 1984 ya ɗora wa kowane gari yaƙi da hamada. An dasa da yawa. Waɗanda suka rayu su ne waɗanda aka san mai ba su ruwa. Haƙar rabin wata da gyaran bakin kududdufi aikin rani ne, bayan an kai hatsi rumbu, kafin samari su watse ci-rani. Dashe aikin tsakiyar damina ne. Wahalar tana zuwa a watan Maris da Afrilu da Mayu, sa'ad da rijiya ta yi nisa, awaki suna yawo sake, kowane kore ya zama abinci. A zaman da za a yi da Kofo, bayan an rubuta iyakar fili, sai a rubuta wace unguwa ce da ban ruwa a wane mako, wa zai gyara shinge in ya faɗi, da ladan mai gadi, ko da tiya ɗaya ce ta hatsi daga kowane gida.